Kiɗan ɗaki da kiɗan jan ƙafa: tambayoyi da amsoshi kan lo-fai, indi fok da silokor

Akwai wani ɓangare na kiɗan Amurka da ba kasafai yake hawa manyan gidajen rediyo ba. Masu yinsa suna naɗar waƙoƙinsu a ɗakin kwana ko a gareji, su kwafa a kaset, su yi wasa a falon wani gaban mutum talatin, su kwana a ƙasa, gari ya waye su kama hanyar wani gari. Ga tambayoyin da wanda ya ci karo da wannan kiɗa karon farko yakan yi.

Wane irin kiɗa ake nufi? Sunayen sun yi yawa.

Abubuwa uku ne da suka saba zama a gida ɗaya, shi ya sa ake haɗa su a baki.

Lo-fai, wanda ake rubutawa lo-fi idan za a nema a intanet, magana ce ta yadda aka naɗi sauti. An yi aikin da ƙaramar na'ura, ba a goge shi ba, ana jin shuuu na kaset, ƙarar kujera, numfashin mawaƙi, wani lokaci har motar da ta wuce a waje. Indi fok kuwa salon waƙa ne: mutum ɗaya da jitar katako, muryarsa a gaba, kalmominsa su ne jarin, kuma ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. Silokor, wato slowcore, reshen kiɗan rok ne da aka rage wa gudu da ƙara har ya kusa tsayawa. Jita, jitar bes da ganga suna nan kamar kullum, amma tsakanin bugu da bugu akwai fili mai faɗi.

Ba dole ne su haɗu ba. Akwai silokor da aka naɗa tsaf a babban situdiyo, akwai kuma lo-fai mai gudu da hayaniya. Abin da ya ɗaure su shi ne mutanen: ƙananan kamfanoni iri ɗaya ke fitar da su, a gidaje iri ɗaya suke wasa, masu sauraronsu ma kusan ɗaya ne.

Shi ne kiɗan nan da ake kunnawa a YouTube lokacin karatu, mai hoton yarinya tana rubutu?

A'a. Wancan, ko da yake shi ma ana ce masa lo-fi, reshen hip-hop ne marar murya, ana haɗa shi a kwamfuta, sannan a zuba masa ƙarar tsohon faifai don ado. An yi shi ne don ya zauna a bayan fage kana wani aiki. Wanda muke magana a kansa yana neman ka ajiye abin da kake yi ka saurara.

Me ya sa kaset ya zama tushen abin?

Saboda wata na'ura guda. A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio 144, akwatin da ake iya ɗauka da hannu, mai naɗar layi huɗu daban-daban a kan kaset na kasuwa. Kafin nan, wanda yake son ya ɗora murya a kan jita, ya ɗora ganga a kansu, yawanci sai ya biya kuɗin situdiyo awa-awa. Da zuwan wannan akwati, ɗakin kwana ya zama wurin aiki.

Ga yadda take yi. Zaren kaset siriri ne, faɗinsa bai kai milimita 4 ba, kuma a rikoda ta gida an raba shi gida huɗu: biyu na fuskar farko, biyu na fuska ta biyu. Portastudio sai ta haɗa huɗun duka ta tafi da su hanya ɗaya, ba a juya kaset. Ta kuma ninka gudun zaren, daga kusan santimita 4.76 a daƙiƙa zuwa 9.5, don sautin ya ɗan ƙara tsabta. Idan layi huɗu bai isa ba, sai a cakuɗa uku a juye su cikin na huɗu, a goge ukun a sake amfani da su. To a nan ne wahalar take, kuma a nan ne daɗin yake. Duk juyi ɗaya shuuu yana ƙaruwa, kaifin sauti yana dusashewa, kuma abin da aka cakuɗa ya cakuɗu ke nan, babu komawa baya. Dole mutum ya yanke shawara ya zauna a kanta. Mai kwamfuta a yau yana iya tara layi ɗari ya yi ta gyara har shekara ta zagayo bai gama ba. Mai kaset ba shi da wannan damar, don haka yakan gama.

Abin da ya ba na'urar daraja a idon duniya shi ne Bruce Springsteen, wanda a lokacin ya riga ya zama babban tauraro. A farkon 1982 ya naɗi wasu waƙoƙi shi kaɗai a gidansa da ke New Jersey, da niyyar ya koya wa ƙungiyarsa su sake yi a situdiyo. Aka gwada, bai gamsu da yawancinsu ba. A ƙarshe kaset ɗin nan na gida aka fitar a matsayin kundin waƙoƙi mai suna Nebraska.

Su wane ne suka share hanyar a ƙasa, ban da manyan taurari?

Ba a maganar nan a tsallake Daniel Johnston. A farkon shekarun 1980 yana naɗar waƙoƙi da ƙaramar rikoda, ya zana hoton bangon kaset da hannunsa, ya riƙa miƙa wa mutane a birnin Austin na jihar Teksas, inda yake aiki a shagon McDonald's. Muryarsa tana rawa, kayan kiɗansa na arha ne, amma waƙoƙin sun tsaya da ƙafarsu, har manyan mawaƙa suka yi ta sake rera su. Sunansa ya ƙara fita bayan Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar Nirvana, ya saka riga mai zanen Johnston a bikin kyaututtukan tashar MTV na 1992. Johnston ya sha fama da taɓin hankali tsawon rayuwarsa, ya rasu a 2019. Wasu masoya suna ɗaukar ciwon nasa kamar wani ado na fasaha, kuma wannan ɗabi'a ce marar kyau. Ciwon ya cutar da shi da iyalinsa. Waƙoƙin sun yi kyau ne saboda ya iya rubutu.

A garin Olympia na jihar Washington, Calvin Johnson ya kafa K Records a 1982, ya fara da kaset, kuma ƙungiyarsa Beat Happening ta nuna cewa rashin ƙwarewa ba ya hana mutum hawa dandali. A Dayton ta jihar Ohio, Robert Pollard malamin firamare ne, yana naɗar waƙoƙi da abokansa a ɗakin ƙasa da sunan Guided by Voices, sai da ya haura shekara talatin da biyar kafin duniya ta waiwaye shi a 1994. John Darnielle, mai amfani da sunan The Mountain Goats, ma'aikacin jinya ne a asibitin masu taɓin hankali a Kaliforniya, kuma ya shafe shekaru yana rera waƙa kai tsaye cikin rediyo mai kaset ƙirar Panasonic. Gurnanin injin rediyon yana cikin waƙoƙin, har masoya suka saba da shi kamar ɗan ƙungiya. Elliott Smith ya naɗi kundinsa na farko a ɗakin ƙasa a Portland, aka fitar a 1994. A Chicago kuma kamfanin Drag City ya tara irin su Bill Callahan da Will Oldham, waɗanda suka ja abin zuwa ga tsohon kiɗan karkarar Amurka.

Shi kuma silokor daga ina ya ɓullo?

Daga ƙarshen shekarun 1980, kuma don a fahimce shi sai an tuna abin da ke kewaye da shi. Kiɗan ƙananan ƙungiyoyin rok na Amurka a lokacin gudu ne da ihu: pank, hadkor, daga baya giranj na Seattle. Gasa ake yi wa ya fi ƙara. A irin wannan wuri, rage murya da jan ƙafa shi ne taurin kai na gaske.

Galaxie 500, mutum uku da suka yi karatu a jami'ar Harvard, sun haɗu a 1987 suka watse a 1991 bayan kundi uku. Su ne suka nuna cewa waƙa mai sauƙin gini tana iya shawagi a hankali ba ta faɗi ba. Codeine ta New York, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara wa abin nauyi da sanyi: jita ta buga sau ɗaya da ƙarfi, a bar amon ya mutu da kansa kafin a sake bugawa. Red House Painters ta San Francisco tana da waƙoƙi masu kai minti goma, kamfanin 4AD na Ingila ya fara fitar da su a 1992. Bedhead ta Dallas, ta 'yan'uwa biyu Matt da Bubba Kadane, tana saƙa jita uku a hankali kamar ba sa son tada maƙwabta.

Amma idan aka ce a zaɓi ƙungiya ɗaya, Low ce. An kafa ta a 1993 a Duluth, gari mai tsananin sanyi a bakin tafkin Superior a jihar Minnesota. Ginshiƙanta miji da mata ne, Alan Sparhawk da Mimi Parker. Shi yana jita, ita tana ganga a tsaye, da kayan da ba su wuce ganga ɗaya ko biyu da farantin ƙarfe ba, tana yawan bugawa da buroshi maimakon sanda. Muryoyinsu biyu idan suka haɗu su ne dukan ginin. A farkon zamaninsu, idan 'yan kallo suka cika surutu a mashaya, maimakon su ƙara sauti sai su rage, har mutane su ji kunya su yi shiru, ko su fice. A 2013, a wani bikin kiɗa na fili a Minneapolis, sun cinye lokacinsu duka da waƙa guda ta kusan minti 27. Wasu suka fusata, wasu suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba: kundayensu na 2018 da 2021 cike suke da sautin da aka murƙushe da na'ura da gangan. Mimi Parker ta rasu a watan Nuwamba 2022 sakamakon ciwon daji, kuma ƙungiyar ta tsaya daga nan.

Yawancin waɗannan mawaƙa ba su so laƙabin silokor ba. Masu rubutu a mujallu da masu shagon faifai ne suka manna musu, ya kuma zauna.

Tunda a hankali ake yi, ai ya fi sauƙin kaɗawa ko?

Tambayi duk wanda ya taɓa riƙe sandar ganga. Kiɗa mai gudu yana rufa asiri: ka yi kuskure, kafin kunne ya kama an wuce. Idan tazarar bugu da bugu ta kai daƙiƙa guda ko fiye, wanda ya riga saura da ƙiftawar ido kowa zai ji. Jiki kuma yana son ya ƙara sauri, musamman a gaban jama'a lokacin da gaba ke faɗuwa, don haka riƙe waƙa a hankali daga farko har ƙarshe yaƙi ne da kai. Mawaƙi ma dole ya ja numfashi mai tsawo ya riƙe murya ba ta karkace ba, babu hayaniyar da zai laɓe a bayanta.

Duk waƙoƙin baƙin ciki ne?

Da yawa, e. Kaɗaici, rabuwa, shaye-shaye, mutuwa, garin da masana'antunsa suka rufe. Misalin da ya fi tsanani shi ne na Phil Elverum, mutumin Anacortes a jihar Washington, wanda ya yi suna da The Microphones a K Records kafin ya koma amfani da sunan Mount Eerie. Matarsa Geneviève Castrée, mai zane kuma mawaƙiya, ta rasu a 2016 ta bar masa ƙaramar yarinya. Ya naɗi kundin A Crow Looked at Me a ɗakin da ta rasu, da wasu daga kayan kiɗanta, ya fitar a 2017. Babu kwalliyar magana a ciki, kwanaki yake ƙirgawa yana faɗin abin da ya gani a gida. Ba kundin da ake kunnawa sau biyu a rana ba ne.

Sai dai ba nan abin ya tsaya ba. Beat Happening wasa da dariya ne. Darnielle mai ba da labari ne, da barkwanci mai ɗaci. Sparhawk da Parker mabiya ɗariƙar Mormon ne, kuma addu'a da tambayar Ubangiji suna yawo cikin waƙoƙinsu. Abin da ya fi yawa a wannan kiɗa shi ne kusanci, kamar mutum yana yi maka magana a kunne. Baƙin ciki ɗaya ne kawai daga abubuwan da ake faɗa a irin wannan murya.

Me ake nufi da yi-da-kanka? A ina ake wasannin?

Tsari ne da aka gada daga 'yan pank. Kada ka jira kamfani ya gano ka. Ka naɗa da kanka, ka buga bangon kaset a shagon fotokwafi, ka naɗe da hannu, ka rubuta wa wani a wani gari ya shirya maka wasa, in ya zo garinku kai ma ka shirya masa. Kamfanin Dischord da aka kafa a birnin Washington a 1980, da ƙungiyar Fugazi da ta dage a kan kuɗin shiga dala 5 da barin yara masu ƙarancin shekaru su shiga, su ne suka zama abin koyi, ko da yake kiɗansu ba mai sanyi ba ne.

Maganar shekaru tana da muhimmanci. A Amurka ba a sayar wa wanda bai kai 21 ba giya, kuma yawancin ƙananan wuraren wasa mashaya ne, don haka matashi ɗan 17 ba shi da wurin zuwa. Gidajen haya na ɗalibai, ɗakunan ƙasa, shagunan littattafai, majami'u da tsofaffin rumbunan ajiya su suka cike giɓin. Sau da yawa ba a rubuta adireshi a takardar sanarwa, sai dai a ce ka tambayi wanda ya sani, don gudun 'yan sanda da mai gida. A bakin ƙofa ana karɓar abin da ya sawwaƙa ko a zagaya da hula, kuma al'ada ce ba a korar mutum don ba shi da kuɗi. Abin da aka tara baƙi ake fara ba wa, saboda su ke da kuɗin mai a gaba. Mai gida ya dafa taliya ko wake, ya shimfiɗa musu a falo.

Kiɗa marar ƙara ya dace da wannan tsari fiye da kowane. Mutum ɗaya da jita ba ya buƙatar babbar mota, ba ya tada unguwa, kuma a falo mutane suna zama a ƙasa su yi tsit, abin da ba ya samuwa a mashaya.

Akwai haɗari, kuma bai kamata a ɓoye ba. A ranar 2 ga Disamba 2016 gobara ta tashi a wani rumbun ajiya da ake kira Ghost Ship a Oakland ana tsakiyar wasa, mutum 36 suka mutu. Ginin ba shi da izinin zama ko taro, wayoyin lantarki a hargitse, matakala kuma ta katako. Bayan haka hukumomi a birane irin su Baltimore da Denver suka rufe wurare da dama. Masu shirya wasa da suka san ciwon kansu yanzu suna duba ƙofar fita da na'urar kashe gobara kafin su duba lasifika. Abin da ke kai mutane irin waɗannan gine-gine tun farko shi ne tsadar haya, kuma wannan ba ta sauka ba.

Ana cin abinci da wannan sana'a?

Ƙalilan ne. Yawancinsu suna da wani aiki: koyarwa, shagon kofi, kafinta, tuƙi. Kuɗin da ke shigowa daga riguna ne, da kaset, da faifan garmaho da ake sayarwa a kan tebur bayan wasa. Kaset ya dawo ne saboda lissafi: ana iya kwafar guda hamsin da kuɗi kaɗan cikin 'yan kwanaki, alhali faifan garmaho sai an buga ɗaruruwa, a biya da yawa, a jira watanni.

A intanet, Bandcamp ne kasuwarsu tun 2008. Mawaƙi ne ke saka farashi, ko ya ce a biya abin da aka ga dama. Shafin yana cire kashi 15 cikin ɗari na waƙoƙin saukewa da kashi 10 na kayan hannu. A watan Maris 2020, da annobar korona ta tsayar da wasanni, ya fara ware wasu ranakun Juma'a da ba ya cire kasonsa. Amma shi ma kamfani ne: Epic Games ta saye shi a 2022, ta sayar wa Songtradr a 2023, kusan rabin ma'aikata suka rasa aiki. Spotify kuwa tun 2024 ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, kuma ƙananan mawaƙa irin waɗannan ne dokar ta fi shafa.

Wasu sun tsallaka. Justin Vernon ya shige bukkar farautar mahaifinsa a Wisconsin a hunturun 2006, ya fito da kundinsa na farko da sunan Bon Iver, ya fitar da kansa a 2007, zuwa 2012 yana riƙe da kyautar Grammy. Irin wannan labari shi ake ta maimaitawa, shi ya sa yake ruɗar matasa. A bayan kowane ɗaya irinsa akwai ɗimbin masu kyau da kaset ɗinsu bai wuce hannun abokai ba.

Me ya sa matasan da ba a haifa ba a lokacin suke sauraronsa yanzu?

Labarin Duster ya isa amsa. Ƙungiya ce ta San Jose a Kaliforniya, tana naɗa a gida a kan kaset, ta fitar da kundin Stratosphere a 1998 a ƙaramin kamfanin Up Records na Seattle, ta ƙara ɗaya a 2000, sannan ta yi shiru. A lokacin ba ta yi wani tashe ba. Shekaru suka wuce, waƙoƙin suka riƙa yawo a YouTube da zaurukan masoya kiɗa, tsofaffin faifanta suka yi tsada a hannun masu tarawa. Ƙungiyar ta dawo a 2018, kamfanin Numero Group na Chicago ya sake buga tsofaffin ayyukanta a 2019, daga nan TikTok ya ɗauka. Yara suna ɗora sautin a kan gajerun bidiyo na dare da ruwan sama, har ta sami masu sauraro ninkin-ba-ninkin abin da ta samu a zamaninta.

Zaman kulle na korona ya taimaka, don kiɗan ɗaki ya dace da wanda aka rufe a ɗaki. Akwai kuma gajiya da sautin da aka goge har ya zama kamar roba. Illar ita ce yanzu an cika intanet da masu kwaikwayo, jita biyu masu jan ƙafa da murya can ƙasa, babu waƙa a ciki.

To ba wayo ba ne kawai na ɓoye rashin iyawa?

Wani lokaci haka ne, kuma masoyan abin sun fi kowa sani. Akwai manhajojin da ke zuba shuuu na ƙarya a kan waƙar da aka naɗa tsaf a kwamfuta, don ta yi kama da ta talaka. Akwai mai binne muryarsa a ƙarƙashin amo saboda ba shi da abin faɗa.

Gwajin mai sauƙi ne. A cire ƙurar, a ba wani ya rera waƙar da jita kawai, a ga ko za ta tsaya. Waƙoƙin Johnston sun tsaya a bakin mutane da dama. Smith da Darnielle sun shiga manyan situdiyo daga baya, rubutunsu bai ragu ba, wanda ke nuna ba kaset ne ya yi musu aikin ba. Inda ƙurar take da amfani shi ne inda ta zama shaidar wuri da lokaci. Liz Harris, mai suna Grouper, ta naɗi yawancin kundin Ruins a Aljezur ta ƙasar Fotugal a 2011, da piyano da ƙaramar na'ura mai layi huɗu. Ana jin kwaɗi da ruwan sama, kuma a ƙarshen wata waƙa na'urar ɗumama abinci ta yi ƙara da wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Ta bar shi a ciki. Wannan ba a sayensa a manhaja.

Akwai abin da ya haɗa wannan duniya da Nijar ko Najeriya?

Ta fuskar salo, babu; silokor kayan Amurka ne. Ta fuskar hanya kuwa akwai mahaɗa ta gaske, kuma ta bi ta Portland, ɗaya daga cibiyoyin yi-da-kanka. Wani ɗan garin, Christopher Kirkley, ya kafa Sahel Sounds a 2009. A arewacin Mali ya tarar waƙoƙi suna yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori, ya tattara wasu, ya nemo masu su, ya fitar da su a faifan garmaho a 2011. Cikinsu akwai waƙar Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008 da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Daga nan ya shiga zagayen ƙananan wuraren wasa na Amurka, har kamfanin Matador ya fitar da shi a 2021. Kamfanin na Kirkley ya kuma fitar da Les Filles de Illighadad, ƙungiyar matan Buzaye 'yan Nijar, waɗanda aka naɗi kundinsu na farko a fili a ƙauyensu, da wani tarin waƙoƙin finafinan Hausa a 2013.

Bambanci ɗaya ya kamata a riƙe. Ɗan Portland da ya zaɓi kaset yana da situdiyo a bayan layinsu, ya ƙi ne. Makaɗin da ya naɗa da waya a garin Abalak na Nijar abin da ke hannunsa ke nan, kuma da Mdou Moctar ya sami manyan kayan aiki bai yi wata-wata ba ya yi amfani da su. Mai sauraro a Turai da ke yaba ƙurar sautin Sahel, wani lokaci rashin wani yake yabawa bai sani ba.

Ina so in gwada naɗa a ɗakina. Me nake buƙata?

Wayar da ke hannunka ta fi rikodar Johnston tsabtar sauti nesa ba kusa ba. BandLab kyauta ne a waya, Audacity kyauta ne a kwamfuta, dukansu suna ɗora layi a kan layi. Kada ka ɓata kuɗi neman tsohuwar Portastudio. Sun yi tsada saboda yayi, robar da ke juya injinsu tana narkewa, masu gyara kuma sun yi ƙaranci.

Ɗaki ya fi na'ura muhimmanci. Bangon siminti da tayil suna mayar da amo, don haka nemi ɗaki mai katifa, labule da kaya, ko ka rataya bargo a bayanka. Kashe fanka. Jira janareton maƙwabta ya mutu, ko ka yi aikin da sassafe. Ajiye wayar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinka, ka gwada, ka matsar, ka sake gwadawa, domin matsar da makirufo kaɗan yana canza sauti fiye da duk wani maɓalli. Saka abin ji a kunne idan za ka ɗora layi na biyu, don kada na farko ya koma ciki. Sannan ka yi wa kanka dokar masu kaset: layi huɗu, ɗauka uku, ka zaɓi ɗaya ka wuce.

Daga ina zan fara sauraro?

Ya danganta da haƙurinka. Idan murya ce ke jan ka, fara da Low na shekarun 1990, ko Elliott Smith na farko. Idan jita kake so, Bedhead da Duster. Idan kana jin Turanci sosai kuma labari kake nema, The Mountain Goats na zamanin rediyo mai kaset, ko Bill Callahan. Wanda ba ya jin Turanci ya gwada Grouper, domin ko masu harshen ba sa kama yawancin kalmominta. Codeine da Mount Eerie na 2017 a bar su sai kunne ya saba.

Lasifikar waya tana kashe wannan kiɗa, saboda ba ta fitar da jitar bes, kuma ƙananan sautukan da abin ya dogara a kansu suna ɓacewa a hayaniyar titi. Nemi abin ji a kunne, ka saurari kundi ɗaya daga farko har ƙarshe yadda aka jera shi. Yawancinsu ba su wuce minti arba'in zuwa hamsin ba.